Mai tsaron kaso ma yana buƙatar a saurare shi

A Tasawa da Mayahi, kamar ko'ina a Nijar, jami'an Garde Nationale ne ke tsaron gidajen kaso. Horon soja aka ba su, ba na lallashin wanda duniya ta yi wa zafi ba. Amma idan ɗan kaso ya yanki jikinsa da tsakar dare, su ke fara ganin jinin. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa masu jiran shari'a sun fi faɗawa wannan haɗari, ga shi kuwa su ne suka fi yawa a kason ƙasarmu. Jami'in da ya gani yakan kwana ba barci, ya tashi da saurin fushi, kunya ta hana shi faɗa. Matan da ke kai kwanon abinci ƙofar kaso kan ɗanɗana fushin nan.