Adamu Halilu Da Fim Ɗin Da Ya Ɓata Ya Dawo

A shekarar 2018 jama'a suka taru a bikin finafinai na birnin Balin ta ƙasar Jamus, suka kalli Shaihu Umar da harshen Hausa. Fim ne na 1976, wanda aka daɗe da fid da rai da shi. Sai a 2016 aka tarar da gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya a Balin mai suna Arsenal ta gyara shi.

Wanda ya shirya shi kuwa, Malam Adamu Halilu, bai ga wannan rana ba. An haife shi a 1936, ya rasu a 2001. Ya yi aiki a majigi, watau finafinan gwamnatin Jihar Arewa da mota ke kaiwa ƙauyuka da dare don wayar da kan talakawa game da tsabta da noma da zuwa asibiti. Daga cikin irin waɗannan akwai Mama Learns a Lesson na 1963. Wasu na raina majigi, suna cewa wa'azin gwamnati ne kawai. Ba mu musa ba, amma a nan ne mutumin ya san abin da ke zaunar da Bahaushe a kan tabarma har sa'a biyu.

Da bikin FESTAC na 1977 ya gabato a nan Ikko, sai ya ɗauki littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mai da shi fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Labarin yaro ne da aka sace daga ƙasar Hausa, aka ƙetara hamada da shi zuwa Masar, uwarsa ta bi sawu tana nema. Mazaunin Agege ko Sabo ta Badun ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan kewa. Bayansa Halilu ya yi Kanta of Kebbi.

To, abin tambaya ga hukuma shi ne, yaya aka yi fim da kuɗin jama'a, ya yi shekara arba'in a ajiye har sai da baƙi suka zo ceto? Fim na gwangwani zafi da laima ke cinye shi, ba ya jiran kasafin kuɗi. Sauran aikin Halilu da na abokansa na majigi suna nan cikin wannan haɗari. Kuma Shaihu Umar ɗin da aka gyara, ya kamata a kai shi makarantu da unguwannin Hausawa na Kudu, yara su gani.