Wa Ya Auna Hamadar da Ake Cewa Tana Cinye Mu?

Duk taron dashen itatuwa sai an karanto mana lamba ɗaya: wai hamada tana ci gaba da mita 600 kowace shekara. An maimaita ta har ta zama kamar karatun allo. To wa ya ja igiyar awon, kuma daga wace gona?

Tsoron ya daɗe. A 1935 wani Baturen gandun daji, Stebbing, ya yi shelar Sahara na tafe. Kwamitin Ingila da Faransa ya zagaya kan iyakarmu da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai ga rairayin da ke tahowa ba. A 1991 wani masani, Compton Tucker, ya lissafa hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980, ya ga bakin hamada yana sauka kudu a shekarar fari, ya koma arewa in damina ta yi kyau. Aikin masanin ƙididdiga ke nan: raba abin da fari ya yi da abin da gatari ya yi.

Maraɗi ta fi mu kusa da Sahara, ta fi mu ƙarancin ruwa. Amma da sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon gawo da kalgo a gonarsa yana yi musu aski, Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. Hamadar ta tsallake su ne ta dira Zurmi?

Mutumin Dauran ya san amsa. Ya ga buhunan gawayi jere a bakin titin Ƙaura Namoda, ya ga burtalin da shanu ke bi zuwa gulbin Bunsuru ya tsuke har saniya ba ta wucewa sai ta taɓa dawar wani. Dajin kiwo na Zamfara, wajen Dumburum, mutane ne masu suna da hatimi suka yayyanka shi gonaki. Ita hamada daɗin zargi gare ta, ba ta zuwa kotu.

Ban ce ƙasa ba ta gaji ba. Wanda ya yi noma a jigawar Shinkafi ya san ta gaji. Cewa nake a ƙirga. Ga kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙaura Namoda, ga jami'a a Gusau. A keɓe filaye, a koma musu duk kaka, a rubuta kirya nawa ta rage, marke nawa ya toho, wa kuma ya sa hannu a takardar da ta mai da makiyaya gona.