Masai Ujiri bai taɓa buga NBA ba, amma ya ɗaga kofinta

Kwanakin baya ɗan yayata ya same ni da wata magana. Wai zai ajiye karatu a aji biyar na sakandare ya rungumi ƙwallon kwando, don abokansa sun ce da irin tsayinsa NBA ce makomarsa. "Kawu, boko ɓata lokaci ne kawai," in ji shi. Ban yi masa faɗa ba, na dai ba shi labarin Masai Ujiri.

A Zariya Ujiri ya tashi, a nan ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kociyan nan da ya daɗe a garin. Karatu da ƙwallo suka kai shi wata kwaleji a jihar North Dakota ta Amurka. Daga nan ya yi kusan shekara shida yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi a Turai, ciki har da Ingila da Beljiyam. A 2002 ya daina wasa, ba suna, ba wata dukiya.

To, a nan ne 'yan wasa da yawa ke shiga uku. Shi kuwa ya kama aikin zaƙulo wa Orlando Magic matasan 'yan wasa, ba albashi, kuɗin tafiya ma daga aljihunsa. A 2010 ya zama janar manajan Denver Nuggets, a 2019 kuma Toronto Raptors ta ci kofin NBA yana shugabanta.

A ganina darasin a fili yake. 'Yan wasa kusan 60 kacal NBA ke ɗauka a zaɓenta na shekara, daga duk duniya. Wanda ma ya samu shiga, rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya gama da shi. Abin da ya riƙe Ujiri bayan ƙafa ta gaza shi ne kai, da sanin mutane, da haƙuri.

Iyayen da ke kallon wasan a matsayin shiririta su ma da laifinsu. Kano Pillars ta sha cin gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, sana'a ce ta gaske. Amma kociyan da ba ya tambayar yaro sakamakon jarrabawarsa, cutarsa yake yi.

Na ce wa yaron ya ci gaba da atisaye da yamma, ni zan sayi takalmin. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya saki reshe ya kama ganye, sai na ga takardar WAEC.