A Daina Cire Wa Motoci Tamostat

Duk wanda ya kwana a Jos cikin watan Janairu ya san hunturu ba abin wasa ba ne. Wata asuba na tayar da motar yayana, 'yar Kwatano ce, sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, hita kuma sai iska mai sanyi take busowa. Da bakanike ya duba, ashe tun da aka sayo ta wani ya cire mata tamostat, wai don Turai aka yi shi, ƙasarmu kuwa da zafi.

A ganina wannan ɗabi'a ta makanikanmu kuskure ce. Tamostat ƙofa ce da ke hana ruwa wucewa lagireto har sai injin ya ɗumama, wajen digiri 80 zuwa 90. In babu shi, ruwan zai yi ta zagayawa tun daga farko, injin ya daɗe bai yi zafi ba, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Ita kuwa hita da zafin ruwan nan take aiki. To ruwan sanyi me zai ba ta?

Ban ce nan kaɗai karkarwa ke fitowa ba. Fulogin da ya gaji kan jawo ta, haka ma robar da injin ke zaune a kanta, domin sanyi kan sa ta taurare. Amma mai mota ya lura da allurar zafi: in an yi tafiyar minti 15 ba ta tashi ba, hita kuma ba ɗumi, ya tambayi bakanike ina tamostat. Mu dai mun mayar da namu, muka canja fulogi, karkarwar ta lafa.