RA'AYI: Wa zai ba baƙon Kagoro da Nok labari kafin a fara biki?

Duk wanda ya saba halartar manyan taruka a ƙasar nan ya san lokacin da aka rubuta a katin gayyata daban, lokacin farawa daban. Jama'a kan yi sammako su kama wuri, sannan su shafe awa biyu ko uku suna dakon manyan baƙi, yara sun gundura, iyaye sun duƙufa kan waya. Bukukuwan Kudancin Kaduna, irin su Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairun kowace shekara da Tuk Ham na Kwoi, su ma taron dubban mutane ne, kuma irin wannan taro ba ya rabuwa da jira. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wannan lokacin ne kaɗai baƙo ke zaune kunnensa a buɗe, amma ba a cika tanadar masa abin da zai ji ba.

Masu wuraren shaƙatawa na Disney a Amurka sun daɗe da gane cewa jiran da babu abin yi a cikinsa ya fi tsawo a zuciyar mai jira. A 2011 suka sake fasalin layin shiga gidan fatalwa na Haunted Mansion da ke Florida, suka jera kayan kiɗan da ke amsawa in an taɓa su, da mutum-mutumin wasu 'yan gida ɗaya da mai jira zai yi ta lissafin wa ya kashe wa a cikinsu. Kafin layi ya zo kan mutum, ya riga ya shiga cikin labarin da ƙafarsa.

Ba ina cewa mu kwaikwayi na'urorinsu ba, mu da wutar lantarki ke yi wa wasan ɓuya. Dabarar ce abin ɗauka, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai tatsuniya ba ya farawa sai an amsa masa, kacici-kacici kuwa ba ya yiwuwa sai da mai amsa.

Mu ɗauki Nok, a ƙaramar hukumar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono sassaken yumɓu na farko a can. A 1943 wani kai na yumɓu da aka samu a yankin Jema'a ya isa hannun Bernard Fagg a Jos, bayan ya yi zaman mutum-mutumin kora a gonar doya. Kayan tarihi mai shekara fiye da 2,000 yana gadin doya! Wane yaro ne zai ji wannan ya koma kan waya? A kafa rumfa a bakin fili, a zuba yashi a binne kwafin sassaken, yara su tono da hannunsu. A tambaye su tun a ƙofa: me ya sa aka huda idanu da hanci da bakin waɗannan kawuna? A bar su su yi ta gardama, sannan wata mai ginin tukwane ta nuna masu yadda yumɓu mai kauri ke fashewa a wuta in zafi bai sami mafita ba. Yaron da ya gano wannan da kansa, da wuya ya girma ya sayar wa ɗan fasa-ƙwauri abin da ya tono a gonar gidansu, kuma kowa ya san ɓarnar da haƙar sata ta yi wa wuraren tarihin Nok.

Haka Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya tun da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a wajajen 1927. Tashar ta yi tsit yanzu, amma tsofaffin ma'aikatanta suna raye, kuma kowannensu kundi ne. Kwazazzabon ruwan Matsirga ma na buƙatar wanda zai tari baƙo da magana kafin ya gangara.

Akwai abin tsoro, ba zan ɓoye ba. Labarin wa za a bayar? Atyap da Bajju da Ham da Fantswam da mutanen Kagoro da Hausa-Fulanin Jema'a ba su tuna tarihi iri ɗaya, kuma tun rikicin Kafanchan na Maris 1987 kalma guda kan iya tayar da ƙura. Wasu al'adun kuma masu su ba su yarda a mai da su abin wasa ba, kuma haƙƙinsu ne. Shi ya sa nake adawa da a miƙa aikin ga ɗan kwangila daga Abuja ya zo ya kafa allunan talabijin ya tafi. Kowace al'umma ta zaɓi abin da za ta faɗa da bakinta, ta kuma ware abin da za ta riƙe. Amma yin shiru gaba ɗaya bar wa labaran kashe-kashe fili ne, su kaɗai su gabatar da yankin ga sauran 'yan Najeriya.

Kwamitin shirya Afan mai zuwa na iya gwadawa ba tare da jiran kasafin gwamnati ba: rumfa ɗaya, dattawa uku da suka san yadda ake tsarkake dutse kafin fita farauta, da ɗalibai goma daga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, waɗanda za su fassara zuwa Hausa da Turanci su kuma jefa wa yara tambayoyi.