Motar zamani: a karanta kafin a kwance

Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, arhar da ƴan ruwa-ruwa suka saba kawowa garuruwan bakin iyaka irin su Sassumbrum, Magarya da Dungas ta kau. Wannan ne ya sa wasu ƴan kasuwa da ma'aikata suke kwaɗayin motar da ke tafiya da fetur da lantarki, wadda ake yi wa caji a gida kamar salula. Kamfanin Toyota ya fitar da Prius mai caji a 2012, Mitsubishi kuma ya fitar da Outlander a 2013. Amma mai niyyar saye ya kamata ya san wata matsala tun kafin ya zuba kuɗinsa.

A tsohuwar Peugeot 504, sandar giya ƙarfe ce mai tura ƙarfe. A irin waɗannan motoci kuwa ƴar aike ce kawai. Ƙarƙashinta akwai wata ƴar na'ura, wadda Faransawa ke kira kaptar, makanikan Kano kuma sansa. Ita ke gane inda direba ya kai sandar, ta shaida wa kwamfutar mota. Galibi saƙo biyu take aikawa. Idan suka saɓa wa juna, kwamfuta sai ta ƙi ba da giya, don gudun kada mota ta yi baya alhali gaba ake nufi.

To, a ɗauka haka ta sami ɗan kasuwa ranar da ya yi lodi zai tafi Damagaram. Makanike mai gaggawa zai ce akwatin giya ya mutu, a kwance. Nan asara take farawa, domin bincike yana da tsari.

Da farko a tabbata an cire wayar caji, saboda motar ba ta yarda ta motsa tana jone. Na biyu, a duba ko fitilun burki suna kamawa, domin idan makunnin burki ya lalace, mota ba ta fita daga P. Na uku, a auna ƙaramin batir mai bolt 12. Shi ke tada kwamfuta, kuma in ya yi sanyi sai ta riƙa nuna cututtukan ƙarya. Na huɗu, a duba mahaɗar wayoyin sandar: ƙurar hunturu, shayin da ya zube ko haƙorin ɓera sun isa su yanke saƙo.

Sai bayan haka ake kawo akwatin bincike, wanda makanikai ke ce wa baliz. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci wata mahaɗa mai rami 16 kusa da sitiyari, inda ake jona shi. Lamba P0705, alal misali, tana nuni ga layin na'urar da ke faɗin matsayin giya. Sai dai lamba ba hukunci ba ce, unguwa kawai take nunawa. Gwani zai riƙa motsa sandar yana kallon allo: in ya kai R allon bai ce R ba, kuma wayoyi lafiya suke, sannan ne na'urar ta cancanci canji.

Gargaɗi ɗaya ya fi sauran nauyi. Wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Wanda bai koyi aikinsu ba kada ya taɓa su, domin suna kisa.

Saboda haka, kafin a yi ciniki, mai saye ya tambaya: wa ke da baliz a kusa, Magarya, Damagaram ko sai Kano? Ina za a sami kayan gyara? Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.