Takardun Bizar Aure Zuwa Ingila: Ina Iyakar Halal?

Tambaya: Malam, mijina yana Ingila, yana so in bi shi. An ce sai mun kawo shaidar aure, mu kuwa a masallaci aka ɗaura. Kuma yana da uwargida a gida, wani ya ba shi shawarar ya rubuta mata takardar saki ta ƙarya. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, aurenku ya inganta da waliyyi da sadaki da shaidu da siga. Amma ofishin biza takarda yake gani. Ku karɓi shaidar aure daga masallacin ko kotun shari'a, a fassara ta zuwa Turanci wurin amintaccen mai fassara, ku haɗa da hotunan biki, rasit na kuɗin da yake aiko miki da sakamakon gwajin tarin fuka. Duk wannan halal ne.

Tun Afrilun 2024 Ingila ta ɗaga kuɗin shigar da ake nema wurin mai ɗauko iyali daga fam 18,600 zuwa 29,000 a shekara. Wannan matsi yana tura wasu ga takardun albashi na jabu, wanda shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai. In an gano, ana iya hana ki shiga har shekara 10.

Batun uwargida ya fi haɗari. Dokarsu ba ta yarda mutum ya ɗauko mata biyu zuwa can da bizar aure ba, amma saki ba abin wasa ba ne: a wurin Malikiyya, wanda ya yi saki da wasa ma ya auku. Yana iya raba aurensa da hannunsa, yana zaton dabara ya yi. Ya faɗa wa lauya gaskiyar lamarin kafin ya sa hannu a komai.

Wallahu a'alam.